Tambaya da Amsa: Yadda Ake Tantance Aikin Mai Neman Lasisin Ƙima

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye a yankin Ringim, Jihar Jigawa. Na yi babbar difloma a fannin kula da filaye da gine-gine da yi musu ƙima, na gama bautar ƙasa, yanzu kuma ina shekara ta biyu da fara koyon aiki a hannun wani mai lasisi. Kusan duk aikin da ya ratsa hannuna na karkara ne: ƙimar gonaki da gidajen ƙasa don rabon gado, lissafin diyyar amfanin gona da itatuwa, sai wani sito na hatsi da mai shi ya so ya jinginar wa banki. Lokacin miƙa ayyukana ga masu tantancewa ya matso, abokaina kuma suna cewa ba wanda zai dubi rahoton gonar gero da daraja, gara in karɓi rahoton wani bene na cikin Kano ko Abuja in sauya suna in miƙa. Yaya ake duba waɗannan ayyuka, kuma aikin ƙauye zai iya fitar da ni kunya?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Zan fara da shawarar abokanka domin ita ce mai haɗari: kada ka ɗauke ta. Idan ka ga yadda ake duba rahoto, kai da kanka za ka gane cewa rahoton gonar da ka taka da ƙafarka ya fi maka rahoton benen da ba ka taɓa shiga ba.

A Najeriya ƙofa biyu ce a gabanka. Akwai ƙungiyar masu wannan sana'a, wato NIESV, wadda aka kafa a 1969, ita ce ke kula da jarrabawa da horo. Akwai kuma hukumar rajista, ESVARBON, wadda Dokar Soja mai lamba 24 ta 1975 ta kafa, ita ce ke shigar da sunan mutum cikin rajista ta ba shi hatimin da zai riƙa bugawa a kan rahoto. Mai koyo yana riƙe littafin da yake rubuta ayyukan da ya yi, maigidansa na aiki ya sa masa hannu, yana rubuta rahoton da yake fayyace wani aiki da aka yi da shi, sannan ya zauna gaban kwamitin manyan sana'a su yi masa tambayoyi baki da baki. Ka je reshen ƙungiyar na jiha ka karɓi takardar ƙa'idojin wannan shekara ka karanta da idonka, kada ka dogara da abin da wanda ya shiga shekaru biyar da suka wuce ya faɗa maka.

Zan ɗan kai ka Amurka, saboda a can ne aka rubuta wannan hanya dalla-dalla, kuma hikimar da ke cikinta tana amfani a ko'ina. A shekarun 1980 bankunan ajiya masu ba da rancen gida da yawa sun durƙushe a ƙasar, kuma cikin abubuwan da aka ɗora wa laifi har da ƙimar da aka riƙa kumbura wa gidaje don a sami rance mai kauri. Sai majalisarsu ta yi doka a 1989 wadda ta sa kowace jiha ta kafa hukumar ba masu ƙima lasisi, aka kuma ɗaure su da ƙa'idojin aiki guda ɗaya da ake kira USPAP. A tsarin da ya fara aiki a 2018, mai neman ƙaramin lasisi yana buƙatar awa 1,000 na aiki cikin aƙalla wata 6, mai neman na tsakiya awa 1,500 cikin aƙalla wata 12, mai neman babba kuma awa 3,000 cikin aƙalla wata 18, rabinsu a kan ƙadarorin da ba gidajen zama ba. Yana rubuta kowane aiki a littafinsa: adireshin wurin, irin ƙadarar, ranar rahoto, abin da shi ya yi da hannunsa, da awa nawa ya ɗauka. Abin lura a nan shi ne, ba mai nema ne ke zaɓen rahoton da za a duba ba. Hukumar ce ke buɗe littafin ta ɗora yatsa a kan wasu layuka ta ce a kawo mata waɗannan, kuma sau da yawa tana neman fayil ɗin aikin tare da rahoton, wato hotuna, awo, rubutun hannu na ranar ziyara, da takardun cinikayyar da aka kwatanta da su. Dokarsu ta ce a ajiye wannan fayil aƙalla shekara 5. Dalilin hana mutum zaɓe a bayyane yake, domin duk manomi ya san cewa wanda aka bari ya zaɓi zangarniyar da zai nuna, mafi girma zai ɗauko, alhali mai saye yana son sanin abin da ke tsakiyar dami.

To me mai dubawa yake nema idan ya buɗe rahoto? Matasa da yawa suna zaton adadin kuɗin da ke shafin ƙarshe ake dubawa. Mai dubawa yana zaune a ofis, bai san gonar ba, ba kuma zai iya rantsuwa cewa naira miliyan 3 ce ƙimarta ko miliyan 4 ba. Abin da zai iya dubawa shi ne hanyar da ka bi ka isa ga adadin, da ko wani mai sana'a zai iya bin sawunka ya fito kusa da inda ka fito.

Farkon abin da yake karantawa shi ne dalilin ƙimar da ranar da aka yi ta. Gona ɗaya tana iya samun adadi daban-daban gwargwadon abin da ake nufi, kuma nan ne aikinka na karkara yake da nauyin da abokanka ba su gani ba. A rabon gado, ana neman abin da gonar za ta yi a kasuwa idan mai sayarwa da mai saye duka sun yarda ba tare da matsi ba. A jinginar banki, ana ƙara tambayar abin da za ta yi idan aka tilasta sayar da ita cikin gaggawa. A diyya kuwa, doka ce ke magana. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma sashe na 29 ya ɗora diyya a kan abin da mutum ya ɗora a kan ƙasar: gini ana lissafa kuɗin sake gina irinsa a cire tsufan da ya yi, amfanin gona kuma ana bin farashin da jami'in da doka ta ɗora wa alhaki ya ƙayyade. Amma ayyukan da Bankin Duniya ke ba da kuɗinsu suna bin wata ƙa'idar, wadda ta ce a biya cikakken kuɗin maye gurbin abu ba tare da cire tsufa ba. Matashin da ya iya rubuta a shafin farko cewa ga ƙa'idar da ya bi, ga kuma dalilin da ya sa ita ce ta dace da wannan aikin, ya riga ya nuna wa kwamiti abin da suke son gani. Irin wannan aiki kuma ba ƙarewa zai yi a yankinmu ba, ga hanyoyi, ga madatsun ruwa, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 wanda ya ratsa ta Kazaure.

Bayan haka sai ya duba ko ka san abin da kake yi wa ƙima. Ba turɓaya ake saye ba, haƙƙin da mutum yake da shi a kan wurin ake saye. Gonar tana da takardar gwamna, ko takardar ƙaramar hukuma, ko kuwa shaidar dagaci da maƙwabta ce kawai? Tana hannun wani da sunan jingina ko aro? An raba gadon, ko har yanzu magada goma ne a kanta? Akwai burtali ko hanyar ruwa da ta ratsa ta? Itatuwan ɗorawa da tsamiya da ke ciki na mai gonar ne, ko na wani ne daban, kamar yadda ake samu a wasu garuruwa? Rahoton da ya yi shiru a kan waɗannan ya bar mai dubawa cikin duhu. Haka ma girman wurin. Mutanenmu suna auna gona da yawan damin da take bayarwa ko da kwanakin da shanu ke yi suna huɗa, wannan kuma bayani ne mai amfani da ya kamata ka rubuta, amma ba zai tsaya a madadin awo ba. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, kusan eka biyu da rabi, kuma wanda ya rikita eka da hekta ya ɓata lissafinsa tun daga tushe. Idan akwai taswirar safiyo ka haɗa ta, idan babu ka faɗi yadda ka auna da abin da ka auna da shi.

Inda aka fi daɗewa a kan rahoto shi ne wurin kwatance, kuma a nan nake son ka dage. Hanyar da aka fi bi wajen ƙimar gona ita ce a nemo gonaki masu kama da ita da aka sayar kwanan nan, a kwatanta. A ƙauye babu ofishin da za ka shiga a buɗe maka kundin farashi. Labarin ciniki yana bakin dillalai, yana takardar da aka rubuta a gaban mai unguwa ko dagaci, yana wajen shaidun da suka zauna ranar da aka yi sallama. Mai dubawa ya san da haka, ba kuma zai kama ka da laifin rashin kundin da babu shi ba. Abin da zai kama ka da shi shi ne ka rubuta cewa "binciken kasuwa ya nuna" ka tsaya nan. Wace gona ce? Tana ina? Yaushe aka sayar? Wa ya faɗa maka, kuma ka ji daga baki na biyu? Dillali yana da la'adarsa a cikin magana, mai saye yana iya rage adadi don kada a sa masa ido, mai sayarwa yana iya ƙarawa don kada a ce an cuce shi. Sannan ba kowane ciniki ne ke nuna farashin kasuwa ba. Wanda ya sayar da gonarsa cikin kwana biyu don ya biya kuɗin asibiti ya sayar da ita a matse, wanda ya sayar wa ɗan'uwansa kuma zumunci ya shiga cikin kuɗin. Idan ka kawo irin waɗannan, ka faɗi halin da aka yi su a ciki, ka faɗi nauyin da ka ba su.

A ce, misali, ka sami gonar tudu mai hekta ɗaya da aka sayar naira miliyan 2, gonar da kake yi wa ƙima kuma girmansu ɗaya amma ita tana bakin kwalta. Ka ƙara kashi 25 cikin 100 saboda kwaltar. Tambayar da za ta biyo baya ita ce, daga ina ka samo 25, me ya sa ba 10 ko 50 ba? Idan amsarka ita ce haka ka ga ya dace, an gama da kai. Idan kuwa ka nuna wasu gonaki biyu a garin da ke kusa, ɗaya a bakin hanya ɗaya a baya, aka sayar da su a damina ɗaya, ga kuma tazarar da ke tsakanin kuɗinsu, to ka ba mai dubawa abin da zai riƙe. Haka za ka yi da bambancin fadama da tudu, da gonar da ke samun ruwan rani da wadda take jiran sama, da jigawa da ƙasa mai laka. Lokaci ma yana buƙatar irin wannan hujja. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma bar kasuwa ta riƙa tsayar da darajar naira a watan Yuni na shekarar, farashin siminti da kwano da komai ya tashi, saboda haka cinikin 2022 ba zai shiga rahoton bana haka nan ba tare da gyara da bayanin gyaran ba.

Gidan ƙasa kuwa, wanda abokanka suke rainawa, yana gwada mai ƙima sosai. Ba a cika sayar da irinsa a fili ba, don haka sau da yawa sai an bi ta kuɗin gini: nawa za a kashe yau a gina irinsa, nawa kuma za a cire saboda tsufa da lalacewa. Wannan yana nufin ka zauna da magini ka ji kuɗin tubali da kwaɓa da yaɓe, ka san kuɗin azara, ka duba ko gara ta ci ta, ka duba gindin katanga inda ruwa ke zaizayewa, ka lissafa rumbu da rijiya da turke. Babu littafin farashi da zai yi maka wannan aiki. Wanda ya yi shi da kyau ya nuna cewa yana iya tattara hujja a inda ba a shirya masa ita ba, kuma a ganina wannan ita ce zuciyar sana'ar.

Yanzu a ce ka ɗauki rahoton aro ka shiga da shi gaban kwamiti. Za a tambaye ka ina benen yake fuskanta, hawa na nawa ne babu ɗan haya ranar da ka je, me ya sa ka yi lissafin ƙimar da wannan kason ribar haya ba wancan ba, ina rubutun hannunka na ranar ziyara. Mutanen da ke zaune a wurin sun shekara da shekaru suna wannan aiki, wani lokaci ma ɗayansu ya san ginin ko ya san ofishin da ya rubuta rahoton. Kayan aro ba ya rufe katara. Kuma abin bai tsaya a faɗuwa jarrabawa ba, domin dokar 1975 ta tanadi kotun ladabtarwa ta sana'a wadda ke da ikon cire sunan wanda aka gano ya shiga rajista ta hanyar yaudara, sannan maigidanka da ya sa hannu a littafinka ka jefa shi cikin abin da bai ji ba bai gani ba.

Abu ɗaya ne a maganar abokanka yake da ƙamshin gaskiya. Masu tantancewa suna son ganin cewa hannunka ya taɓa ayyuka iri-iri, musamman ƙimar da ake fitarwa daga kuɗin haya. Siton nan da ka ambata ka riƙe shi da kyau, ka kuma roƙi maigidanka ya riƙa tafiya da kai idan aikin shaguna ko gidajen haya ya taso a Dutse ko Haɗeja ko kasuwar Gujungu. Allah ya ba da sa'a.

TAMBAYA: Malam, ni mace ce daga yankin Gwarzo, ina koyon wannan aiki a wani ofis. Ni nake zuwa awo, ni nake tattaro farashi, amma idan rahoto ya fito babu sunana a ko'ina, kuma da na nemi kwafi sai aka ce sirrin abokin hulɗa ne. Da me zan nuna aikina?

AMSA: Ƙanwata, maganar sirri gaskiya ce, domin rahoton ƙima yana ɗauke da dukiyar mutane da bashinsu, ba kuma daidai ba ne ya riƙa yawo a waya. Amma riƙe sirri bai hana hukumar sana'a ganin aiki ba. A ƙa'idojin Amurka da na ambata a sama, an rubuta a sarari cewa ana iya nuna wa hukumar lasisi rahoto, an kuma wajabta a ambaci sunan duk wanda ya ba da gudunmawa mai nauyi a cikin ƙimar, har ma hukumomin can suna duba ko sunan mai koyo ya fito a rahoton da yake cewa ya yi. Wannan adalci ne da ya kamata ofisoshinmu su riƙe ko da ba a tilasta musu ba, domin wanda ya karɓi mai koyo ya karɓi amanar fitar da shi.

Ki sami maigidan naki a lokacin da yake cikin natsuwa, ki nuna masa takardar ƙa'idojin ƙungiya, ki roƙi abu biyu: ya riƙa sa hannu a littafinki a ƙarshen kowane wata, kada a tara sai an zo tafiya, sannan ya amince da ayyukan da za ki miƙa, ko da za a rufe sunan mai dukiya. Ke kuma daga yau ki riƙe littafin rubutu naki na kanki, kowace fita ki rubuta rana, wuri, awon da kika ɗauka da wanda kika zanta da shi. Idan duk da haka aka hana ki, ki kai maganar ga shugabannin reshen jiha cikin ladabi, su ne suka san yadda ake sasanta irin wannan ko a sauya miki wurin koyo.

TAMBAYA: Malam, ni manomi ne, dattijo, daga ƙasar Ɗambatta. Za mu raba gadon yayana, yara suka ce sai an ɗauko mai lasisi daga birni. Ni kuwa na ga dillalin garinmu ya shekara 30 yana cinikin gonaki, ya san kowace kunya a garin. Me baƙo zai faɗa mana da shi bai sani ba?

AMSA: Baba, Allah ya jiƙan yayanku, ya sa albarka a abin da ya bari. Ba ku yi kuskure ba a kan dillali, domin ya fi baƙo sanin garin, kuma mai ƙima na kirki wajensa zai fara zuwa ya yi tambaya. Idan magada duka manya ne, sun yarda da shi, ga dattawa da malamin da zai raba, ana iya gamawa a gida lafiya kamar yadda aka saba. Bambancin yana fitowa ne idan akwai marayu ƙanana, ko magajin da ke nesa, ko alamar cewa maganar za ta kai gaban alƙali. Dillali yana faɗin kuɗi da baki, kuma yana iya kasancewa shi ne zai sayar da gonar gobe ya karɓi la'ada, ko yana da mai saye a hannu. Mai lasisi yana rubuta adadin da hujjarsa, ya sa hannu ya buga hatimi, idan ya yi son zuciya akwai hukumar da za a kai ƙararsa. Yaron da yake shekara 8 yau zai iya ɗaukar takardar nan idan ya girma ya ga yadda aka yi wa gonar mahaifinsa kuɗi.

Idan kun yanke shawarar ɗauko shi, ku tambayi lambar rajistarsa ta ESVARBON, ku sa ɗaya daga cikin yaran ya tabbatar da ita a wajen hukumar ko reshen ƙungiyar da ke Kano. Ku yi maganar kuɗin aikinsa tun kafin ya fara, ku tabbatar ya zo ya zaga gonakin da ƙafarsa a gaban wakilan magada, sannan ku nemi a karanta muku rahoton da Hausa kafin ranar rabo, har da jerin gonakin da ya kwatanta da su, domin ku ne za ku gane idan ya kwatanta fadama da tudu.